Adadin da aka san yana rabuwa shekara 27 kafin a san mai raba shi

Adadin shi ne 147,573,952,589,676,412,927. Tsawonsa lambobi 21 ne, kuma samunsa ba wuya: ka jera 2 har guda 67, ka ninka su da juna, sannan ka cire 1 daga abin da ya fito. Masana lissafi a taƙaice suke rubuta shi, 2⁶⁷ − 1. A shekarar 1876 wani Bafaranshe mai suna Édouard Lucas ya nuna cewa lallai akwai lambar da ke raba wannan adadi ba saura, ban da 1 da shi kansa. Amma da za a tambaye shi wace lamba ce, ba shi da amsa. Shi bai sani ba, wani ma bai sani ba, har sai 1903. Shekara 27 ke nan ana zaune da tabbacin cewa mai rabawa yana nan, ba tare da an ga fuskarsa ba.

Duk wanda ya tsaya a lissafin makaranta zai ji maganar nan ba ta shiga hankali. In malam ya ce 91 tana rabuwa, hujjarsa ita ce 7 sau 13, kowa ya buga ya gani. To ta yaya mutum zai rantse cewa adadi yana rabuwa alhali bai raba shi ba? Ashe tambayoyi biyu ne muke ɗauka ɗaya. Ta farko: wannan adadi yana da mai raba shi? Ta biyu: wane ne mai raba shin? A ƙananan lambobi tare suke tafiya, shi ya sa ba ma lura. Da zarar adadi ya girma sai su rabu, ta farko ta zauna da sauƙinta, ta biyu ta yi nisan da har yau ba a kamo ta ba. A ganina babu abin da ya kai wannan tazara ban mamaki a ilimin lambobi, kuma a kanta ne aka ɗora wani babban ɓangare na tsaron kuɗi da saƙonnin mutane a zamanin nan.

Bari mu faro daga tushe. Lambar firam ita ce wadda ta wuce 1 kuma babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka har abin da ba iyaka. Sauran lambobi duka da su aka gina su, su ne tubalan. Ɗauki 360. Ko ka ce 36 sau 10, ko ka ce 8 sau 45, in ka ci gaba da warwarewa tubala shida za ka tarar a ƙarshe, kuma su ɗin dai ne kullum: 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Euclid ya aza harsashin wannan ƙa'ida tun zamanin Girkawa, Kamaluddin al-Farisi ya fayyace ta wajen ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, Gauss kuma ya kawo cikakkiyar hujjarta a 1801. Wanda ya san tubalan adadi ya san kusan duk halayensa. Daga tubalan 360 kaɗai za ka fitar da cewa lambobi 24 ne ke raba ta, ba sai ka gwada ko ɗaya ba: 2 ta zo sau uku, 3 sau biyu, 5 sau ɗaya, ka ƙara ɗaya a kan kowanne ka ninka, 4 × 3 × 2. Saboda haka kowane adadi, komai girmansa, yana da amsa guda tak. Amsar tana nan. Isa gare ta ne aiki.

Shi wannan adadi namu yana da dangi. Ana kiran lambobin da ke da siffar 2 da aka ninka sau da yawa aka cire 1 da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista na Faransa. Abin da ya sa aka damu da su tun da can shi ne, duk wadda ta zama firam a cikinsu tana haifar da abin da ake kira cikakkiyar lamba, wato wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, za su ba ka ita daidai. 6 ke nan, 1 + 2 + 3, sai 28, sai 496, sai 8,128. Kafin ɗiyar wannan gida ta zama firam, dole yawan 2 ɗin da aka jera shi ma ya zama firam. In ka jera guda shida ka cire 1 za ka sami 63, wadda 3 da 7 ke rabawa, domin 6 kanta 2 sau 3 ce. Amma cika wannan sharaɗi bai wadatar ba: 11 firam ce, duk da haka 2¹¹ − 1, wato 2,047, ita ce 23 × 89. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin waɗanda ya ce su ne ke ba da firam har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyar. Ya sa 67 da 257 alhali ba sa ciki, ya bar 61 da 89 da 107 alhali suna ciki. Sai da aka shafe ƙarni biyu da ɗoriya kafin a fara kama waɗannan kurakurai, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin aikin.

Dabarar da ta bai wa Lucas damar yanke hukunci tana komawa ga wata doka da Pierre de Fermat ya gano a 1640. Lambobin firam suna da wata ɗabi'a da ba sa saɓa wa. In lamba firam ce kuma ba 2 ba, ka jera 2 sau adadinta ban da ɗaya, ka ninka, ka raba da ita, saura 1 za ka samu ko da yaushe. Gwada da 7: 2 guda shida sun ba da 64, ka raba da 7, tara sau bakwai 63, saura 1. Yanzu gwada da 15: 2 guda goma sha huɗu sun ba da 16,384, ka raba da 15, saura 4. Tunda ba 1 ba ne, 15 ba firam ba ce. Ka lura da abin da ya faru: mun yanke wa 15 hukunci ba tare da mun ambaci 3 ko 5 ba. Halinta muka duba, ba kayan cikinta ba. Gwajin yana da rauni, domin akwai lambobin da ke tsallake shi alhali suna rabuwa, mafi ƙanƙantarsu 341, wato 11 × 31. Lambobin Mersenne ma, muddin yawan 2 ɗin da aka jera firam ne, duka suna tsallake shi in da 2 aka gwada. Shi ya sa aka nemo masu gwajin kansu.

Ga yadda gwajin yake a sigar da D. H. Lehmer ya kammala a 1930, wadda da ita ake aiki har yau. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka raba da adadin da kake gwadawa, ka riƙe saura kawai. Ka maimaita da sauran. Yawan maimaitawar shi ne yawan 2 ɗin da aka jera, a cire biyu. In ka ƙare a sifiri, adadin firam ne. In ba haka ba, yana rabuwa. Mu gwada 31, wadda ta fito daga 2 guda biyar, don haka mataki uku ne. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, ka raba da 31, saura 8. Daga 8 sai 62, ka raba da 31, saura sifiri. Firam ce. Yanzu 2,047, mataki tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, sannan 1,736. Ba sifiri ba ne, saboda haka tana rabuwa. Amma ka juya 1,736 yadda kake so, ba za ka ga 23 ko 89 a cikinta ba. Gwajin ya faɗi gaskiya, ya kuma yi shiru a kan abin da muka fi son sani. A kan 2⁶⁷ − 1 mataki 65 ne kawai. Kowane mataki ninka lamba mai tsawon 21 ne da kanta, aiki mai gajiyarwa da hannu, amma mai haƙuri zai kai ƙarshensa. Da irin wannan hanya, a wannan shekara ta 1876, Lucas ya tabbatar da cewa 2¹²⁷ − 1 firam ce, mai tsawon lambobi 39. Har yau ita ce firam mafi girma da aka tabbatar da hannu ba na'ura.

Neman mai rabawa kuwa wata duniya ce. Hanyar da kowa ya sani ita ce gwaji ɗaya bayan ɗaya: 3, 5, 7, 11, har a dace. Akwai sassauci guda: ba sai ka wuce saiwar adadin ba, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, domin in adadi ya rabu gida biyu dole ɗayan gidan bai wuce saiwar ba. Ibn al-Banna na Marrakesh yana cikin waɗanda suka lura da wannan tun wajen 1300. Sai dai saiwar adadin namu ta haura biliyan 12.

Akwai sassauci na biyu, kuma ya fi na farko daɗi. Duba yadda 23 ke yi da 2. Ka riƙa ninkawa da 2 kana riƙe saura bayan rabawa da 23: 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. A mataki na 11 aka dawo 1, shi ya sa 23 ke raba 2¹¹ − 1. Dokar Fermat kuma ta ce a mataki na 22 dole a sami 1. Hakan ba zai yiwu ba sai in 11 na raba 22. Wannan hujja tana aiki a ko'ina: duk firam ɗin da ke raba 2⁶⁷ − 1, in ka cire mata 1, dole 67 ta raba abin da ya rage, kuma tunda ragowar cika ce ba mara ba, 134 ma za ta raba ta. Ke nan 135, 269, 403, 537 da ire-irensu kaɗai za a duba, ɗaya cikin kowace 134. Wata ƙa'idar ta sake zubar da rabinsu, domin mai raba lambar Mersenne in aka raba shi da 8 saura 1 ko 7 yake bari. Da duk wannan rangwame, kafin ka iso ƙaramin mai raba adadin namu sai ka ratsa 'yan takara sama da 700,000. A ce kowace rabawa minti biyar take ci, kana aiki awa takwas kullum ba hutu, shekara ashirin ke nan. Kuma mai aikin bai san a ina amsar take ba. Tana iya kasancewa can kusa da biliyan 12.

Frank Nelson Cole, malamin lissafi a Jami'ar Columbia, shi ya warware ta. Bai bi gwaji ɗaya bayan ɗaya ba. Ya yi amfani da ragowar da lambobin da aka ninka da kansu ke bari don ya ƙuntata wuraren da amsar za ta iya ɓoyewa. Ranar 31 ga Oktoba, 1903, ya gabatar da sakamakonsa a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York. Yadda ake ba da labarin, ya tashi ya nufi allo bai ce uffan ba, ya buga 2⁶⁷ − 1 a gefe guda, ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 × 761,838,257,287, ya ninka da alli layi bayan layi har amsoshin biyu suka yi daidai, ya koma ya zauna, zauren ya ɗauki tafi. Ana kuma cewa da aka tambaye shi tsawon lokacin da aikin ya ci, ya ce Lahadin shekara uku. Mai karatu zai iya taɓa gaskiyar abin da wayarsa: lambobi ukun ƙarshe na gidajen biyu, 721 × 287, sun ba da 206,927, kuma da 927 ɗin adadin ya ƙare. Cire 1 daga 193,707,721 ka raba da 134, za ka sami 1,445,580 cif. Gidajen biyu duka firam ne, saboda haka wannan ƙaton adadi masu raba shi huɗu ne kacal a duniya: 1, su biyun, da shi kansa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari ba shirun Cole ba ne, rashin daidaiton aikin ne. Abin da ya ci shekaru ana nema, cikin sa'a guda aka tabbatar da shi a gaban jama'a, kuma duk wanda ya iya sau zai iya binciken amsar da kansa. Ninkawa tana da sauƙi, bincika amsa yana da sauƙi, gane cewa adadi yana rabuwa yana da sauƙi. Komawa baya kaɗai ke da wuya. Yau kwamfutar da ke kan tebur za ta warware adadin Cole kafin ka ɗauke yatsa daga madanni, amma hakan bai kashe matsalar ba, gaba kawai ya tura ta. A hanyar gwaji ɗaya bayan ɗaya, duk lambobi biyu da ka ƙara wa tsawon adadi aikin ya ninku sau goma. Adadi mai tsawon 250 da aka gina da firam biyu masu tsawon 125 kowanne, ko da na'urarka na gwada tiriliyan guda a daƙiƙa, yawan shekarun da za ta ɗauka shi kansa adadi ne mai tsawon lambobi fiye da 100.

To ta yaya ake warware irin waɗannan manyan? Duk hanyoyin da suka yi nisa daga tunani guda suka tsiro, shi ma na Fermat ne. In ka iya rubuta adadi a matsayin bambanci tsakanin lambobi biyu da aka ninka kowacce da kanta, ka gama. 2,021 ita ce 2,025 a cire 4, wato 45 × 45 a cire 2 × 2, saboda haka ita ce 43 × 47, ɗaya 45 a cire 2, ɗaya 45 a ƙara 2. Wannan yana saurin aiki in gidajen biyu suna kusa da juna. In sun yi nisa sai ya zama jan aiki. A shekarun 1920 Maurice Kraitchik ya sassauta sharaɗin: ba dole bambancin ya zama adadin daidai ba, ya isa adadin ya raba bambancin. Kuma ba dole ka jira sa'a ta kawo maka amsa a dunƙule ba, kana iya harhaɗa ta daga gutsattsari.

Ga shi a aikace da 1,751. Saiwarta ta kusa 42, sai mu fara daga nan. 42 × 42 ta ba da 1,764, in aka raba da 1,751 saura 13. 43 × 43 ta ba da 1,849, saura 98, wato 2 × 7 × 7. Daga 44 zuwa 48 babu abin amfani, ragowarsu na ɗauke da manyan tubala. 49 × 49 ta ba da 2,401, saura 650, wato 2 × 5 × 5 × 13. Cikin ukun nan babu wadda ita kaɗai ta zama lamba sau kanta. Amma haɗa su ka gani: 13 ta zo sau biyu, 2 sau biyu, 7 sau biyu, 5 sau biyu. Kowane tubali ya sami abokinsa, don haka 13 × 98 × 650 daidai take da 910 × 910. A ɗaya gefen, 42 × 43 × 49 in aka raba da 1,751 saura 944. Ke nan 1,751 tana raba bambancin da ke tsakanin 944 × 944 da 910 × 910, wanda shi ne 34 × 1,854. Yanzu abin da ya rage shi ne a nemo lambar da 34 da 1,751 suka yi tarayya a kanta.

Wannan mataki na ƙarshe malaman rabon gado sun san shi sarai. In suna gyara asalin mas'ala sukan duba yawan kawunan magada da yawan rabonsu: in akwai lambar da ke raba su biyun, kamar 4 da 6, su ce akwai tawafuƙi, in babu, kamar 3 da 4, su ce tabayuni ne. Hanyar Euclid ta gano haka tana da sauri ƙwarai, komai girman lambobin. Raba babba da ƙarami, ka riƙe saura, ka raba ƙaramin da sauran, haka har a kai sifiri. 1,751 a raba da 34, saura 17. 34 a raba da 17, ba saura. Amsa 17, kuma 1,751 ita ce 17 × 103. Da hanyar Fermat zalla muka bi, sai mun kai 60 kafin mu dace. A nan mun tsaya a 49.

A ƙaramin misali ribar ba ta da yawa, amma a manyan lambobi ita ce komai. Na'urori suna tara miliyoyin irin waɗannan ragowa masu ƙananan tubala, sannan a nemo rukunin da in aka haɗa kowane tubali zai sami aboki. Da wata siga ta wannan tunani Michael Morrison da John Brillhart suka warware 2¹²⁸ + 1, mai tsawon 39, a 1970. A 1981 Carl Pomerance ya ƙirƙiro hanyar tace ragowar da yawa a lokaci guda maimakon gwada su ɗaiɗai. A 1988 John Pollard ya kawo wata hanyar tacewa da ta fi ta ƙarfi, wadda da ita aka warware 2⁵¹² + 1, mai tsawon 155, a 1990. Ita ce har yanzu kan gaba a duk hanyoyin da aka bayyana wa duniya, fiye da shekara talatin ke nan ana goge ta ba a maye gurbinta ba.

Dalilin da ya sa gwamnatoci da bankuna suka shigo maganar ya faro ne a 1977, lokacin da Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka fitar da tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA. Wani ma'aikacin hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, Clifford Cocks, ya riga su gano kusan irinsa a 1973, amma sai 1997 aka bayyana. Tsarin ya mai da wahalar nan makulli. Ka zaɓi manyan firam biyu a ɓoye, abin da ke da sauƙi tunda gwajin firam ba ya cin lokaci. Ka ninka su, ka baza sakamakon kowa ya gani. Da sakamakon kowa zai iya kulle saƙo zuwa gare ka ko ya tantance sa hannunka, amma buɗewa sai wanda ya san gidajen biyu. Ɗan ƙarfen da ke jikin katin ATM yana amfani da wannan tsari wajen nuna wa na'urar POS cewa katin na gaske ne, haka ma shafukan intanet masu yawa wajen tabbatar da cewa su ne ba 'yan damfara ba.

A watan Agustan 1977 mujallar Scientific American ta buga wani adadi mai tsawon 129 daga masu RSA, da ladan dala 100 ga wanda ya warware shi. Rivest ya ƙiyasta cewa da hanyoyin lokacin aikin zai ci shekara miliyan sau biliyan 40. A watan Afrilun 1994 aka warware shi, bayan wata takwas, da taimakon masu sa kai kusan 600 da kwamfutoci kusan 1,600 da aka haɗa ta intanet. Shekara 17 ya yi. Ƙiyasin bai yi la'akari da cewa za a sami sabuwar dabara ba, kuma dabarar ce ta fi saurin na'urori tasiri. A ƙarshen 2009 aka warware mai tsawon 232, a watan Fabrairun 2020 kuma mai tsawon 250, aikin da ya ci kwatankwacin shekara 2,700 na ƙwaƙwalwar kwamfuta guda, aka raba shi tsakanin dubban na'urori. Makullan da aka fi amfani da su yau tsawonsu 617 ne.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da ɗaya tambayar. A watan Oktoban 2024 aikin haɗin gwiwar masu sa kai da ake kira GIMPS ya sanar da cewa 2 da aka jera sau 136,279,841 aka cire 1 firam ce, mai tsawon lambobi 41,024,320, kuma gwajin nan na fara da 4 shi ne ya tabbatar da ita. A gefe guda ana yanke wa adadi mai tsawon miliyan 41 hukunci, a ɗaya gefen mai tsawon 260 yana gagarar duniya in an zaɓi gidajensa da kyau. A cikin gidan Mersenne ma akwai 2¹²⁷⁷ − 1, mai tsawon 385, wadda aka daɗe da sanin tana rabuwa, masu nema kuma suka yi ta bin ta shekara da shekaru ba su samo ko mai raba ta guda ba. A 2002 Manindra Agrawal da ɗalibansa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, na cibiyar fasaha ta Kanpur a Indiya, suka kafa hujjar cewa tambayar firam ko ba firam ba tana da hanya mai sauri kuma tabbatacciya ga kowane adadi. Wannan ɓangaren an rufe shi.

Ɗaya ɓangaren kuwa a buɗe yake, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Babu wanda ya taɓa kafa hujjar cewa warware adadi zuwa tubalansa dole ne ya yi wuya. Abin da ke hannu shi ne shaidar tarihi: manyan masana sun gwada ɗaruruwan shekaru, hanya mai sauri ba ta fito ba. Shaida ce mai nauyi, ban raina ta ba, amma a lissafi ba a kiranta hujja, kuma labarin adadi mai tsawon 129 ya nuna yadda ƙiyasi ke rushewa in sabon tunani ya zo.

Wani lokacin ma ba a buƙatar sabon tunani. A 2012 ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka tattara miliyoyin makullan RSA da ke bayyane a intanet, suka bi su bibbiyu da hanyar Euclid, suna neman tawafuƙi. Suka tarar da dubbai da suka yi tarayya a firam guda. Yawancinsu daga ƙananan na'urorin sadarwa suka fito, waɗanda ke zaɓen firam ɗinsu da zarar an kunna su, kafin su tara isasshen abin da zai sa zaɓin ya zama na kan-mai-uwa-da-wabi, sai biyu su faɗa kan lamba ɗaya. Makulli guda shi kaɗai ya gagara, amma biyu masu gida ɗaya suna tona asirin juna cikin ƙiftawar ido, da dabarar da ta haura shekara dubu biyu.

Barazanar da ta fi girma ta fito ne a 1994, lokacin da Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam, wadda ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta, za ta iya warware manyan lambobi cikin sauri. Abin da hanyarsa ke nema shi ne tsawon zagayen nan da muka gani a 23, wato mataki nawa ake yi kafin saura ya dawo 1. In aka san wannan tsawo ga babban adadi, hanyar Euclid ta ƙarasa sauran aikin. Kwamfuta ta yau da kullum ba ta da hanyar gano shi da sauri, ta kwantam kuwa tana da ita a ƙa'ida. A aikace na'urorin da aka gina sun nuna hanyar ne a kan ƙananan lambobi irin 15, a 2001, da 21 daga baya, kuma tsakanin nan da tsawon 617 akwai aikin injiniya mai yawan gaske. Duk da haka hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ba ta jira ba. A watan Agustan 2024 ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye saƙo da sa hannu waɗanda ba su dogara da wahalar warware adadi ba, domin saƙon da aka kwafa aka adana yau ana iya buɗe shi ranar da na'urar ta samu, kuma sauya makullan bankuna da katuna da wayoyin duniya aiki ne na shekaru.